Kurakuran da sababbin malamai suka fi yi a sansanin lissafi na dogon hutu

Duk shekara idan aka buɗe sansanin lissafi na dogon hutu, inda ake tara yara 'yan shekara 11 zuwa 14 daga makarantun da ba su da ƙarfi domin su kwana su tashi da lissafi na tsawon makonni, sababbin malamai sukan zo da kyakkyawar niyya, sannan su faɗa cikin ramukan da na bara suka faɗa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a taron malamai na daren farko, shi ya sa na ga gara in rubuta ta. Gyare-gyaren da zan kawo nawa ne, daga yadda na saba aiki, kuma akwai abokan aikina da ba su yarda da wasu daga cikinsu ba.

Babban kuskure shi ne mayar da sansanin ajin cike giɓi. Sabon malami yana ganin yaro ya rubuta cewa 1/2 da 1/3 idan an tara su sun zama 2/5, sai hankalinsa ya tashi, ya ajiye duk abin da ya shirya, ya ce ai dole a koma tushe. Daga nan sai a raba takardu cike da tambayoyi iri ɗaya, yara su yi ta tarawa da rabawa har mako ya wuce. Yaron da aka zaɓo saboda an ga yana son wasa ƙwaƙwalwa, aka raba shi da gida a karon farko, sai ya tarar da abin da ya baro a makarantarsu, ya zama kamar wanda aka gayyata biki aka miƙa masa tsintsiya. Tausayi ne yake jawo wannan, amma a ƙarƙashin tausayin akwai raini, domin malamin ya riga ya yanke cewa waɗannan yara ba za su iya abu mai wuya ba. Alhali abin da suka rasa dama ce. Ba a taɓa ba su tambayar da za ta ɗauke su kwana biyu ba, kuma ba a taɓa tambayarsu dalilin amsa ba.

Ban ce a kawar da kai daga giɓin ba. Abin da nake yi shi ne in cusa gyaran cikin tambaya mai daɗi. Wanda ya ce 2/5, sai in tambaye shi wanne ya fi girma tsakanin 2/5 da rabi. Idan ya gano cewa 2/5 bai kai rabi ba, shi da kansa zai ga cewa ba yadda za a yi a ƙara wa rabi wani abu ya ragu. Bayan haka sai in gaya wa ajin cewa Misirawan dā, in ban da 'yan kaɗan kamar 2/3, sukan rubuta ɓangare ne a matsayin tarin ɓangarori mabambanta masu 1 a sama, misali 2/5 sukan rubuta shi 1/3 da 1/15, in ce su nemo mini yadda za a rubuta 3/7 ta wannan hanya. Kafin a tashi sun yi tarawar ɓangarori fiye da abin da takardar aiki za ta sa su yi, kuma babu wanda ya ji an mayar da shi baya.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, wato ƙwace wa yaro wahalarsa. A wani sansani na ba aji tambayar gadojin Königsberg, garin da yanzu ake kira Kaliningrad a Rasha: yankunan ƙasa 4, gadoji 7, shin mutum zai iya zagayawa ya bi ta kowace gada sau ɗaya tak? Akwai wata yarinya da ba ta cika magana ba, wadda ta cika shafi uku da zane. Na lura ta fara rubuta lamba a gefen kowane yanki, 5 a ɗaya, 3 a kowane ɗaya daga sauran ukun, tana ƙirga gadojin da suka taɓa shi. Wannan ita ce hanyar da masanin lissafi Leonhard Euler ya bi a 1736, kuma saura ƙiris ta ga cewa duk yankin da za a shiga a fita dole gadojinsa su zama cika, ga shi nan kuwa dukkan huɗun mara ne. Na juya wajen wani tebur, kafin in dawo wani matashin mataimaki ya karɓi fensirinta, ya zana mata amsar tsaf cikin minti ɗaya yana murmushi. Ta ce masa, "Na gode, Malam," ta rufe littafin. Daga ranar, duk tambayar da aka ba ta sai ta ɗaga hannu ta jira a zo. Sansanin ya ƙare ban sake ganin ta cika shafi da zane ba, kuma har yau ina ganin ita ce ɗalibar da ta fi kowa basira a wannan ajin.

Ku sababbin malamai, ku ji ni da kyau. Idan yaro ya yamutsa fuska yana cizon fensir, ba wahala yake sha da ke bukatar ceto ba, aikin da aka kawo shi ya yi ke nan. Ku ne shirun yake damu, ba shi ba. Kuna son ya san cewa kun iya, kuna son ku ga ya saki fuska domin ku ji kun yi abin kirki, sai ku ɗauke masa abu ɗaya da ba zai samu a wani wuri ba. Tun a farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe, wata mai nazarin koyarwa a Amurka, ta nuna a bincikenta cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara sukan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara. Idan daƙiƙa 3 ta gagare mu a tambayar baki, ina ga tambayar da ke bukatar yini guda?

Dokata a aji ita ce ba na taɓa fensirin ɗalibi, kuma idan ina zagayawa hannayena suna baya. Wanda ya kira ni, ina da tambayoyi uku da nake juyawa: me ka gwada zuwa yanzu, me zai faru idan ka rage lambobin, za ka iya zana shi? Idan ya amsa sai in bar wurin tun kafin ya sake tambaya. Wasu abokan aikina suna ganin wannan tsauri ne, musamman ga yaron da ya fara hawaye. Ni a wurina, mai hawaye ana fitar da shi ya sha ruwa ya zagaya, ya dawo ya tarar da tambayarsa tana jiransa.

Akwai kuma malamin da yake karɓar "na gwada sau biyar ya yi daidai" a matsayin hujja. Maganin wannan tambaya ɗaya ce. A sa ɗigo a gefen da'ira, a haɗa kowane biyu da miƙaƙƙen layi, a ƙirga yankunan da da'irar ta rabu. Ɗigo 2 suna ba da yanki 2, ɗigo 3 suna ba da 4, ɗigo 4 suna ba da 8, ɗigo 5 suna ba da 16. Duk ajin zai rantse cewa ɗigo 6 za su ba da 32, amma iyakar abin da za a samu 31 ne. A bar su su ƙirga sau uku suna zargin idanunsu. A kula kawai kada a jera ɗigon shida da tazara daidai wa daida, domin a nan layuka uku za su haɗu a tsakiya a sami 30, gardamar ta koma wani wuri. Bayan wannan darasi ba sai an roƙi yaro ya kawo dalili ba.

Gasar sauri kuwa a bar ta gaba ɗaya, domin wanda ya riga kowa ɗaga hannu yawanci wanda ya taɓa ganin tambayar ne. Haka nan labarin masanin lissafi Gauss da ake cewa yana yaro ya tara lambobi daga 1 zuwa 100: idan aka buɗe darasi da cewa wani yaro ya sami 5050 nan take, abin da yara za su ji shi ne akwai waɗanda aka haifa da abin, su kuma ba sa ciki. A fara ba su tambayar, su gano da kansu cewa idan aka haɗa 1 da 100, 2 da 99, haka har ƙarshe, akwai 101 har sau 50, sannan a ba da labarin. Kada a ce wa yaro "kai mai ƙwaƙwalwa ne", a faɗi takamaiman abin da ya yi, kamar komawa kan ƙaramin misali da ya yi bayan ya maƙale. Kada a bar yara uku masu baki su mallake allo.

Malaman da suka zo daga jami'a sukan manta cewa sansanin kwana ne. Yaron da ya kwana yana kukan kewar gida ba zai bi hujja da ƙarfe takwas na safe ba, saboda haka kullum kafin in shiga aji nakan tsaya wajen masu kula da ɗakin kwana in ji wa ya yi barci, wa bai yi ba, wa aka yi faɗa da shi. Mako na farko ba na sa sabon abu mai nauyi bayan cin abincin rana. Kuma malamin da yake rufe kansa a ɗaki da zarar an tashi daga aji ya yi asarar rabin aikin, domin tambayoyin da yara suke jin kunyar yi a gaban allo a filin wasa suke fitowa.

Kada a yi maganar talaucin iyayensu ko raunin makarantunsu a gabansu, ko da da sunan ƙarfafa guiwa ne. Sun san inda suka fito, kuma ba su zo su zama abin tausayi ba.

Saura abin da ake mantawa a ranar sallama. Ana raba takardar shaida, a ɗauki hoto, yaro ya koma ajin da babu mai tambayarsa dalili. Shirin BEAM na Amurka, mai shirya irin wannan sansani, wanda aka fara a New York a 2011, yana ci gaba da bibiyar ɗalibansa shekaru bayan sansanin, yana taimaka musu wajen neman makarantu da wasu shirye-shiryen lissafi. Ba kowane sansani ne yake da ƙarfin yin haka ba, amma kowane malami zai iya sallamar ɗalibi da tambayoyi biyu ko uku da ba a warware a aji ba, da gajeriyar wasiƙa zuwa ga malamin lissafin makarantarsu mai bayyana abin da yaron ya yi da hannunsa, tare da kwafin shafin da ya yi aikin a kai.