Babi na 7: Takardar cefanen ranar Asabar

Ranar Asabar gida cike yake. Babu boko, manyan yara sun tafi Islamiyya, ƙananan suna ta kai da kawo a tsakar gida, ga aminiya ta aiko cewa za ta zo da 'ya'yanta bayan azahar. Za a soya masa, a yi miyar taushe, a haɗa zoɓo. Yaron da za a aika kasuwar Yankaba kuwa, in an faɗa masa abu biyar da baki, uku zai kawo. Don haka yau takardar cefane za mu rubuta.

Darasi na 1: Jera kaya

Ku ɗauki fensir, kada ku ɗauki biro, don a iya gogewa. Ku ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar takarda. Sunan kaya a hagu, kuɗinsa a dama. Hagu shi ne hannun da ba a cin abinci da shi, kuma daga nan rubutun boko yake farawa, saɓanin na allo. Kowane abu layinsa daban. Kuɗin nan na gwaji ne, farashin gaske sai an je kasuwa:

shinkafar tuwo 3,000
nama 4,000
kabewa 500
zoɓo 300
alayyahu 200

Ku kwafa a hankali. Ko rubutun ya karkace ba komai, hannu zai saba.

Darasi na 2: Sifili

A nan ne ake yawan faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Sifili shi ne wannan mai kama da ƙwai: 0. Shi kaɗai ba komai ba ne, amma in ya zauna bayan wata lamba sai ya ninka ta sau goma.

50 hamsin, sifili ɗaya.
500 ɗari biyar, sifili biyu.
5,000 dubu biyar, sifili uku.

Ku sa yatsa a kan kowane sifili, ku ƙirga da baki. Ɗaya. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu, uku. Yanzu ku fito da kuɗi daga lalita. Mai hoton Sardauna 200 ce, ku nemo lambar a kusurwa, ku ƙirga sifilinta: biyu. Mai hoton Murtala 20 ce, sifili ɗaya. Lambar farko duk 2 ce, sifili ne ya raba su. Ku duba 1,000, wadda ta fara fitowa a 2005: sifili uku. Waɗanda suka iya ajami za su ga an rubuta adadin a jikin 500 da 1,000, sai su gwada shi da lambar.

Wani zai ce ai da kala yake gane kuɗi. To, da aka sauya kalar 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kala ta taimaki wa? Lamba kuwa tana nan yadda take.

Mu koma. Ku rubuta ɗari uku. Sifili nawa? Biyu. Ku rubuta dubu uku. Sifili nawa? Uku, kuma a sa waƙafi bayan lambar farko: 3,000. Ku sake. Ɗari biyar, sifili biyu. Dubu huɗu, sifili uku. Madalla, Hajiya, haka ake yi. Wadda ta ɓata ta goge, babu abin kunya.

Amma fa zan faɗi gaskiya, iyayena. Har yanzu ina ganin masu zuba sifili ba ƙirge, wai don layi ya cika. Wasu kuma suna ba jikoki su yi musu aikin gida, ina gane rubutun yaro. In kin rubuta nama 400 maimakon 4,000, mahauci ba zai ji tausayinki ba, baƙi kuma romo za su sha. Ku ƙirga sifili kafin ku rubuta, ku ƙirga bayan kun rubuta. Ɗari, biyu. Dubu, uku.

Darasi na 3: Tarawa

Ku jera lambobin ta yadda sifilin ƙarshe na kowace zai zauna a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ɗaruruwa tukuna: 500 da 300 da 200 sun ba da 1,000. Sai 3,000 da 4,000, wato 7,000. Duka 8,000. In an ba yaro 10,000, canjin 2,000 zai dawo da shi, sai abin da ya biya adaidaita sahu. Ku sake duba sifili.

Darasi na 4: Lokaci

Ku rubuta: kasuwa 9:00, suya 12:00, baƙi 2:30. Lambar hagu awa ce, ta dama minti.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku ƙara kankana da lemo daga kasuwar 'Yan Lemo, ku sa musu kuɗi, ku tara. A kawo ranar Litinin.