Yadda ake auna halin aiki na ɗalibin injiniya

Sababbin malamai da yawa sai ƙarshen shekara suke duban fuskar ɗalibi, su ba shi 14 bisa 20 a gurbin hali. Wannan son rai ne. Hukumar ABET ta Amurka, mai tantance ingancin karatun injiniya a jami'o'i, cikin abubuwa 7 da take nema ga mai gama karatun injiniya, ta sa iya bayani da aiki cikin ƙungiya da riƙon amana. Duk ana iya auna su.

Tun makon farko ka raba wa ɗalibai takarda mai abubuwa huɗu kacal, waɗanda ido ke gani: cika lokaci, sauraron abokin aiki, bayanin da za a fahimta, da faɗin kuskure kafin a kama shi. Kada ka rubuta "ladabi", mai shiru zai kwashe makin a banza.

Sai ka ba su aiki na gida. Damagaram bisa dutse take, ruwa na wuya, don haka su tsara yadda za a kai famfo wani layi a Garin Malam ko Kara-Kara.

A wajen ƙungiya ne ake faɗuwa. Mutum huɗu sun isa, kuma kai za ka haɗa su, ba su ba. In ka ba ƙungiya maki ɗaya ka kashe aikin: mai kwamfuta zai kwana yana zane, sauran su sa suna. Shugabanci ya riƙa zagayawa kowane mako biyu. Ka lura kada a mai da ɗaliba mai rubuta rahoto kawai, ita ma ta riƙe na'urar awo. Kowa ya auna abokansa a asirce, ya kawo dalili. In duk sun ba juna 18, yarjejeniya ce, ka mayar musu. Ranar gabatarwa ka kira wanda ya laɓe a baya: "Malam, me ya sa kuka zaɓi wannan kaurin bututu?"

Daga nan ka gayyato magini ko mai unguwa, ɗalibi ya yi masa bayani da Hausa, ba Faransanci. Kuɗin kabu-kabu da shayi ne kawai zai ci maka. In baƙon ya iya maimaita abin da aka faɗa, ɗalibi ya ci.

Takardar da suke kawowa daga wurin koyon aiki kuwa yabo ce zalla. Ka buga wa shugaban wurin waya, ka tambaye shi ko zai ɗauki yaron aiki gobe, sannan ka haɗa makin.