Yadda na gyara ƙusar kan shakazoba da ta karye

Alhamdulillahi, ƙarar ta ɗauke. Kullum na faɗa rami tsakanin Kwangila da Samaru a Zariya sai in ji ƙwas a gaban motata ta ɓangaren dama. Na zargi taya, na canza roba, a banza. Da na ɗaga bonet, ashe ɗaya cikin ƙusoshi 3 da ke riƙe kan shakazoba ce ta karye.

Walda na ƙi, don zafinta zai cinye robar wurin.

Na sa jak, na sauke shakazobar ban taɓa notin tsakiya ba, shi ke danne sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke jikinta. Guntun ƙusar na buge da guduma ya fita ta ƙasa. Na zura sabuwa mai milimita 10, na jera washa 3, na ɗaure noti da sifana lamba 14 a hankali har kanta ya zauna daram. Sannan na mayar da shakazobar.

Na gode wa bakaniken Sabon Gari da ya ara mini jak.