Yadda za ka kula da macen hawainiya in ta kusa saka ƙwai

Abu na farko da ya kamata ka sani, macen hawainiya irin ta Yemen tana yin ƙwai ko da ba namiji, wani lokacin tun tana wata 6. Shi ya sa tun da wuri ake shirya mata inda za ta haƙa rami ta saka ƙwan.

1. Samo bokiti mai zurfin kamar santimita 30, ka cika shi da yashi wankakke haɗe da ƙasar da ba taki ba magani. Ka jiƙa shi daidai yadda in ka haƙa rami da yatsa ba zai rufta ba, amma kar ya caɓe.

2. Sa shi cikin kejin, ka jingina reshe yadda za ta sauka ta hau.

3. Barbaɗa garin kalsiyam (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) a kan gyare ko farar da kake ba ta, fitilar UVB (mai ba da irin hasken rana da ke taimaka wa jikinta amfani da kalsiyam) kuma dole ce, don da kalsiyam ɗin jikinta take yin ƙwan.

4. In ta yi ciki, ta rage ci, tana ta sauka ƙasa tana zagaye, to lokaci ya yi. Rufe gefen kejin da ƙyalle ka bar ta, dan Allah kar ka riƙa leƙe, in ta ganka sai ta bar ramin kuma ƙwan ya maƙale mata, wannan yana iya kashe ta.

5. Ta gama ta rufe ramin, fesa mata ruwa sosai ka ba ta abinci, sannan ka tone ƙwan.

In kuwa ta kwanta a ƙasa, ido a rufe da rana, kai ta wurin likitan dabbobi ranar.