Kurakuran da aka fi yi game da jinin ɗan tayi, oksijin da hayaƙin janareto

Ɗaliban ungozoma da na aikin jinya sukan haddace cewa himoglobin (sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin) ɗin ɗan tayi, wato HbF, ya fi na babba riƙe oksijin, daga nan sai su tsaya. Ka tambaye su dalili, sai ka ji an ce "ai haka yake".

Dalilin yana cikin jar ƙwayar jinin kanta. Akwai wani sinadari a ciki mai suna 2,3-BPG, shi ne ke manne wa himoglobin ɗin babba ya tilasta masa sakin oksijin. HbF kuwa sarƙoƙin furotin ɗinsa sun bambanta: gamma biyu gare shi a gurbin beta biyu na babba, kuma a wuri na 143 na sarƙar, tubalin furotin mai suna serin ne ya zauna inda babba ke da histidin, don haka sinadarin ba ya samun wurin kamawa sosai. In aka cire 2,3-BPG a ɗakin gwaji, bambancin yakan ragu ƙwarai. To a haɗa lambobin da wannan dalili: jinin ɗan tayi yakan cika rabi da oksijin a matsin oksijin na kusan 19 mmHg (ma'aunin matsi), na uwa sai kusan 27. Wannan tazarar ce ke taimaka wa oksijin ya tsallaka mabiyiya.

Kuskuren da ke kisa na kabon monoksaid ne, wato iskar gubar da ke fita a hayaƙin janareto da gawayi. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama himoglobin fiye da oksijin sau 200 ko sama. Bayan ta tare gurbi, sai ta hana sauran oksijin ɗin sakuwa. Ga ɗan tayi da dama can riƙonsa ke da ƙarfi, ka ga abin ya ninku.

Ana kawo mai ciki da daddare, kanta na sarawa, tana tashin zuciya, an kwana da janareto a baranda ko kaskon gawayi a ɗaki saboda hunturu. A maƙala mata na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna kashi 98 cikin ɗari, kowa ya ce Alhamdulillah. Na'urar nan ba ta bambance himoglobin mai ɗauke da oksijin da mai ɗauke da guba. Gwajin jini na COHb, wato himoglobin mai ɗauke da gubar, ne ke nunawa. Kafin sakamako ya fito, a sa mata tsantsar oksijin ta takunkumin fuska. A iskar ɗaki gubar takan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ta ragu da rabi, da oksijin kuwa awa ɗaya da 'yan kai.

Sai kuskuren gaggawar cire oksijin don uwa ta ce ta warware. Gubar takan shiga jinin ɗan tayi a hankali, ta taru har ta zarce ta uwa, ta kuma jima ba ta fita ba. Shi ya sa ake tsawaita wa mai ciki oksijin, ana sauraron bugun zuciyar ɗan. Kafin a sallame ta, a kira maigida a tambaye shi inda yake ajiye janareton.