Agabe mai ratsin rawaya: kada ku dasa 'yarsa da ɗanyen yanka

Jama'a masu son agabe, shukar nan ta Meziko mai kama da alobera, mai ƙaya a bakin ganye: ba sai kun sayi babba ba.
Ku roƙi 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar wajen mai ita.

Ku yanko da wuƙa mai kaifi, da ɗan saiwarta in an samu.
Sai ku ajiye a inuwa kwana 3 zuwa 7, har yankan ya bushe ya yi ɓawo.
Ta ɗanyen yankan nan ruɓa ke shiga.

Ku haɗa yashi da tsakuwa, ku tara ɗan tudu, ku dasa a kai. Kada ƙasa ta rufe wuyanta.
Ban ruwa sai bayan mako guda, daga nan kuma sai ƙasa ta bushe ƙamas.

Wurin ma ku duba. Ratsin rawayan nan ya fi koren saurin ƙonewa, ga shi ba ya haɗa wa shuka abinci, shi ya sa take jinkirin girma. Hantsi ya same ta, amma a kare ta daga ranar azahar ta Maris da Afrilu.

Ku zaɓi 'yar da ratsinta ya fito sosai. Wadda ta fito kore zalla ba ta cika komawa mai ratsi ba.

Inda dabarar ba ta ci: ƙasar laka da damina, musamman Agusta. Gara tukunya mai huda a gindi, ko ku jira kaka.

Ku sa safar hannu, ruwanta na sa ƙaiƙayi. In da yara a gidan, ku datse tsinin ƙayar.