Idan Ɗan Filifin Ya Gayyace Ka Biki: Kurakuran Da Baƙi Suka Fi Yi

Wanda ya taɓa aiki a asibitin Riyad ko otal ɗin Dubai, ko ya je karatun likitanci a Manila ko Cebu, ya san 'yan Filifin ba sa daɗewa da mutum ba su ja shi gida ba. Yau zagayowar ranar haihuwa, gobe baftisman jariri, jibi wani ya dawo daga hutu. Abin da ya fi tuntsurar da baƙo a irin wannan zama kunya ce da kara, ba rashin ladabi ba.

Babban kuskuren shi ne yin shiru kan naman alade sai an zauna cin abinci. Yawancin mutanen ƙasar 'yan Katolika ne, kuma sarkin teburin biki shi ne lechon, wato alade guda da ake gasawa a kan garwashi har fatarsa ta yi ƙamas-ƙamas. Wannan kowa zai gan shi ya kauce. Matsalar tana inda ba a gani: 'yan mitsitsin nama a cikin taliyar pancit, niƙaƙƙen nama a cikin soyayyen lumpia mai kama da samosa, har da kayan lambu irin pinakbet da kan zo da kitse a ƙasa. Musulmin da ya yi shiru, ƙarshenta sai ya yi ta juya farar shinkafa a faranti, uwargida kuma ranta ya ɓaci don tana ganin ta gaza. Gyaran mai sauƙi ne: tun ranar da aka gayyace ka ka faɗa wa abokinka ba ka cin baboy, wato alade, ba ka shan giya. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Akwai Musulmi Maranao da Maguindanao da Tausug a kudancin ƙasar, akwai babban masallaci a unguwar Quiapo ta Manila tun 1976, Ƙaramar Salla ma ranar hutu ce ta ƙasa. Sau da yawa za ka tarar an ware maka gasasshen kifi ko dahuwar kaza da suke kira adobo a tukunya daban.

Sai gaisuwa. Kada ka shiga ka zarce wajen abokanka ka bar tsohuwa a kujera. Yara da matasa sukan kama hannun dattijo su ɗora bayansa a goshinsu, suna cewa "mano po". Idan ba za ka taɓa hannun mace ba, ɗan rusunawa da hannu a ƙirji ya wadatar, ka dai riƙa saka "po", kalmarsu ta girmamawa, a ƙarshen magana. Kiran sunan babba gatsal shi ne abin da ke sosa kunne. Iyayen abokinka Tito da Tita ne, yayyensa Kuya da Ate, kakanni Lolo da Lola.

Wani kuskuren kuma, fulako. Da an gan ka za a ce "kain tayo", mu ci. A kan hanya ko a ofis gaisuwa ce, kana iya godiya ka wuce. A gidan biki kuwa da gaske ake. Su ma suna ɗan noƙewa a tayin farko, amma wanda ya ƙi har sau uku, sai a fara tunanin ko abincin ne bai yi masa ba. Haka idan za ka tafi aka miƙo maka ƙunshin ragowar abinci a leda ko roba, karɓa. Da gangan ake dafa fiye da ƙima don kowa ya tafi da wani abu.

Ranar haihuwarka kuma kada ka zauna jiran barkada, wato 'yan majalisarku, su saya maka abinci. Mai ranar ne ke ciyar da mutane, ko da taliya ce kawai, wadda suke ci da fatan tsawon rai. Idan ka dawo daga hutu ma hannu rabbana ba ya yi. Pasalubong, tsarabar tafiya, wajibi ce a zumuncinsu. Dabino ko ɗan turare ya isa.

Inda na fi so a yi hattara shi ne idan aka ce ka zama ninong ko ninang na jariri. Mutane kan amsa da dariya suna zaton girmamawa ce ta yini ɗaya. Ba haka ba ne. Matsayi ne na uba ko uwar baftisma a coci, kuma yaron zai riƙa zuwa gaishe ka duk Kirsimeti yana sa ran ɗan ambulan. Idan addininka bai ba ka dama ba, ka faɗa a keɓe cikin taushin murya, ka kai wa jaririn kyauta. Kada ka ce "a'a" a bainar jama'a, domin kunyata mutum a gaban danginsa ciwo ne da ke daɗewa a wurinsu.

Batun lokaci kuwa, walimar gida kan makara, amma coci da ɗaurin aure ba sa jira. Sannan idan aka kunna injin karaoke, mai sa kiɗa mutum ya rera waƙa, aka miƙo maka makirufo, ba muryarka ake aunawa ba. Ko ka rera baiti ɗaya, ko ka ce ba ka waƙa ka zauna kana tafa wa Tita.